Maɓallin "Ajiye": kundin aikin manhajar awon riɗi ta ƙungiyarmu

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

An fara kaɗe riɗi. A ƙauyenmu da ke yankin Gumel, ƙungiyar manoma ce take karɓar riɗin 'ya'yanta, ta ɗora a sikeli, ta rubuta wa kowa nasa, a tara a sito, ranar Alhamis a yi lodi zuwa kasuwar Maigatari. Idan riɗi ya ja baya, zoɓo ya karɓa. Duk lissafin nan a littafi yake, a hannun Malam Sakatare, Kawu kuma shi ne ma'aji. Bana ƙungiya ta samu tsohuwar laftof mai Windows 10 da 'yar firinta ta rasit, aka ce tunda na karanci kwamfuta, in haɗa musu manhajar da za ta riƙe awon.

Python na zaɓa, wato harshen rubuta manhaja, da Tkinter, kayan aikinta na zana taga da maɓallai a allo. Tkinter tare take zuwa da Python, ba sai an sauko da wani abu daga intanet ba, mu kuwa a nan sabis sai an hau tudu. Tk ɗin da aka gina ta a kansa John Ousterhout ne ya fitar da shi a 1991. Ya kwana biyu, amma ba shi da nauyi, laftof ɗinmu kuma ba ta son nauyi. Bayanan za su zauna a SQLite, rumbun adana bayanai ne mai fayil guda tal wanda za a iya kwafa a filas a ba Kawu ya adana.

Taga ɗaya ce: gurbin sunan manomi, gurbin kilo, maɓallan zaɓen kaya, sai babban maɓalli da na rubuta wa "Ajiye". Yau zana su kawai na yi.

Talata, 7 ga Oktoba

Ƙanina ya dawo hutu, ya ce zai kama min. Shi shirye-shiryen da aka koya masa daga sama suke farawa su gangaro layi bayan layi har su ƙare. Da ya ga layin ƙarshe na tawa manhajar, `mainloop()`, sai ya ce: "Yaya, to ina sauran? Ai ba ka gaya mata abin da za ta yi ba."

Na gaya mata, sai dai ba ita ke zaɓen lokaci ba. Manhaja mai taga jira take yi. Idan mutum ya danna linzamin kwamfuta, Windows ce take fara ganin abin. Ta duba inda kibiya take, ta gane tagar wace ce, ta rubuta saƙo ta jefa a layin wannan manhaja: an danna a wuri kaza. Idan ya ɗaga yatsa, wani saƙon daban: an saki. Taɓa kibod saƙo ne, motsa kibiya saƙo ne, buƙatar sake zana taga ma haka. Aikin `mainloop()` shi ne ya ɗauko saƙon da ke gaba, ya miƙa wa aikin da aka ɗaura masa, ya jira aikin ya gama, sannan ya ɗauko na gaba.

Na ce masa ya tuna injin niƙa na bakin kasuwa. Kwanuka a jere, mai injin ɗaya ne, kwano ɗaya yake juyewa a lokaci guda. Idan wata ta kawo buhu, duk na bayanta sai haƙuri. Kuma kwanon da aka ajiye a layi ba ya ɓacewa don an daɗe, yana nan har a zo kansa.

Ya gane, ya zauna ya ɗaura maɓallin. Ya rubuta `command=ajiye()`. Da muka kunna, tun kafin taga ta bayyana aikin ajiyewa ya gudana, daga nan kuma ko sau nawa ka danna maɓallin, shiru. Baka biyun nan `()` da ke bayan `ajiye` ne matsalar. Da su, Python tana kiran aikin nan take ta miƙa wa maɓalli abin da ya dawo da shi, wato babu. Ba su, `command=ajiye`, sunan aikin aka ba maɓalli ya riƙe har sai an danna. Duk mai fara Tkinter sai ya bi ta wannan ramin, gara ya bi da wuri.

Ba Tkinter kaɗai ke da wannan tsari ba, sauran kayan zana taga ma haka suke. A Java Swing ana ɗaura wa maɓalli `ActionListener`, a Qt ana haɗa siginar `clicked` da aiki, a Windows Forms ana ƙara aiki a kan `Click`. Sunaye ne suka bambanta, layin da mai ɗauka ɗaya duk iri guda ne.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Maɓallan kaya guda huɗu ne: riɗi, zoɓo, wake, gero. Da zagaye ɗaya aka ƙirƙire su, wato umarnin da ke maimaita aiki a kan kowane kaya, kowanne da `lambda: zabi(kaya)`, ɗan guntun aiki marar suna da ke zaɓen kayan. Duk wanda ka danna, gero yake zaɓa. Dalili kuwa `lambda` ba ta riƙe abin da ke cikin `kaya` a lokacin da aka rubuta ta, sai lokacin da aka danna take leƙawa, a lokacin kuma zagaye ya riga ya tsaya a kan na ƙarshe. `lambda k=kaya: zabi(k)` ta warware, don kowane maɓalli ya kama nasa tun wurin haihuwa.

Da a ce wannan ya wuce ba a gani ba, da riɗin mutum aka biya shi da kuɗin gero.

Laraba, 15 ga Oktoba

Gwaji na farko a bakin sito. Laraba ce ranar cunkoso, kowa yana so kayansa su shiga lodin gobe. Na roƙi Malam Sakatare ya ci gaba da rubutu a littafi kamar kullum, ya kuma shigar a laftof, mu kwatanta da yamma. Ni gefe na koma ina kallon hannunsa.

Abu biyu na gani waɗanda ban taɓa ganinsu a ɗakina ba. Na farko, Malam komai sau biyu yake dannawa. Haka aka koya masa buɗe fayil, hannunsa ya saba, kuma ba laifinsa ba ne, babu abin da ke jikin allo da zai nuna wa mutum wannan sau ɗaya ne wancan sau biyu. Maɓallin Tkinter bai san wani abu wai shi danni biyu ba, kowanne cikakken danni ne a wurinsa, sai ya kira aikin sau biyu. Na biyu, firinta tana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin rasit ya fito, kuma a cikin aikin maɓallin take. Duk tsawon wannan lokaci taga a sandare take. Malam ya ga ba abin da ya motsa, sai ya ƙara dannawa.

Bayan la'asar Kawu ya haɗa jimla. Ta laftof ta zarce ta littafi da nisa. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ɗan nan, na'urar taka ƙarin riɗi take yi? In haka ne mu bar noma."

"Kawu, danni take ƙirgawa, ba buhu ba. A ba ni zuwa Asabar."

"Allah ya kai mu. Amma ka sani, kuɗin mutane ne. Wanda aka rubuta wa biyu ba zai yi magana ba, wanda kuɗinsa ya gaza shi zai zo ƙofar gidana."

Maganar nan ita ce ma'aunin aikin gaba ɗaya. Buhu ɗaya a sikeli, layi ɗaya a rumbun bayanai, ko yaya hannu ya taɓa maɓallin.

Asabar, 18 ga Oktoba

Maganin da kowa zai fara kawowa shi ne a kashe maɓallin da zarar an danna, a yi aikin, a sake kunna shi a ƙarshe. Ƙanina ya rubuta haka, muka gwada, layi biyu suka sake fitowa. Ya ce ai ba zai yiwu ba, maɓalli a kashe yake.

A kashe yake, amma yaushe? Danni na biyu bai iso wurin maɓallin ba tukuna, yana layi yana jiran aikin farko ya gama. Aikin ya kashe maɓalli, ya ajiye, ya buga rasit, ya kunna maɓalli, ya fita. Sai yanzu `mainloop()` ya ɗauko danni na biyu, ya tarar da maɓalli a kunne, ya kira aikin. Kashewar ta zo ta wuce ba wanda ya gan ta. Wannan wuri ne da na fi so duk mai koyon wannan fanni ya tsaya a kai, don a takarda shirin daidai yake, kuskuren yana cikin lokaci ne.

Kariya uku na sa, kuma ban yarda ɗaya ta wadatar ba.

Ta farko, ba a kunna maɓallin a cikin aikin. A ƙarshensa sai a ce `after(500, kunna)`, wato a bar wa `mainloop()` saƙo ya kunna shi bayan rabin daƙiƙa. Kafin nan duk dannin da ke layi sun iso sun tarar da shi a kashe, sun watse. Rabin daƙiƙa na ɗauka domin ita ce tazarar da Windows take ɗaukar danni biyu a matsayin na haɗe idan ba a canza saitin ba.

Ta biyu, da an ajiye sai a share gurbin kilo, aikin kuma ba ya karɓar gurbi fanko. Ko wani danni ya zille, ba abin da zai samu.

Ta uku ita ce wadda na fi dogara da ita, don ba ruwanta da taga. Kowane awo yana da lambar rasit, kuma ana ba shi lambar ne tun lokacin da aka buɗe sabon fom, ba lokacin da aka danna ba. A SQLite na sa wa wannan gurbi sharaɗin `UNIQUE`. Idan lamba ɗaya ta zo sau biyu, rumbun da kansa zai ƙi ta. Gobe wani zai iya gyara taga ya ɓata kariya ta farko da ta biyu bai sani ba, wannan tana nan daram.

Akwai wani `update()` da ake yawan ba da shawararsa don taga ta motsa a tsakiyar aiki. Na guje shi. Shi yana buɗe layin gaba ɗaya, har da dannin da ke jira, idan maɓallin a kunne yake sai aikin ajiyewa ya shiga cikin kansa tun bai gama ba. Idan rubutun "ana ajiyewa" kawai ake so ya bayyana, `update_idletasks()` ya isa, zane yake yi ba ya ɗaukar danni.

Alhamis, 23 ga Oktoba

An tafi Maigatari, sito shiru, na samu sarari.

Malam Sakatare ya ce sakin kibod a kamo linzami yana cinye masa lokaci, ga ƙura ta fara, faifan taɓawa na laftof yana gardama. Yana so idan ya rubuta kilo ya buga Enter kawai. Gaskiyarsa.

A Tkinter hanya biyu ce ta jin danni, kuma ba ɗaya suke ba. `command` yana tashi ne idan an danna aka kuma saki a kan maɓallin, saboda haka wanda ya danna bisa kuskure zai iya jan kibiya gefe kafin ya saki, ba abin da zai faru. Yana kuma girmama kashewa. Shi kuwa `bind` da `<Button-1>`, wato ɗaura aiki kai tsaye a kan maɓallin hagu na linzami, yatsa na sauka yake tashi, kuma ko maɓalli a kashe yake sai ya kira aikin. Don haka ga maɓallin da ya shafi kuɗi, `command` ne kawai. Enter ɗin ma ban ɗaura shi kai tsaye a kan aikin ajiyewa ba, na sa ya kira `invoke()` na maɓallin, wanda ba ya yin komai idan maɓallin a kashe yake. Ƙofa ɗaya ke nan, ko ta kibod aka zo ko ta linzami.

Sai kuma wani abu: idan aka danne Enter aka riƙe, kibod maimaita saƙon yake yi ba ƙaƙƙautawa. Na mayar da ɗaurin kan sakin Enter, wanda a Windows sau ɗaya yake zuwa.

Laraba, 29 ga Oktoba

Jimlar laftof da ta littafi sun zo ɗaya yau. Kawu bai ce komai ba, ya dai sa hannu a duka biyun.

Saura sandarewar. Takarda ta ƙare a firinta da hantsi, aikin ya tsaya yana jiranta, taga ta yi fari, Windows ta rubuta a samanta cewa manhajar ba ta amsawa. Haka take yi idan taga ta kai daƙiƙa 5 ba ta ɗauki saƙo daga layinta ba. Malam ya ɗauka ta mutu, har ya kai hannu zai kashe laftof ɗin, ga mutane a tsaye da buhuna.

Ƙa'idar ita ce aikin maɓalli ya zama gajere. Duk abin da zai jira wani abu na waje, firinta ko intanet ko babban fayil, a fitar da shi daga hanyar `mainloop()`. Na buɗe wa firinta zarenta daban da `threading`, wato hanyar aiki ta biyu da ke gudana gefe da ta taga. Yanzu maɓalli yana rubuta awon a rumbu, wanda ƙiftawar ido ne, ya jefa rasit a layin jira, `queue.Queue`, ya koma. Zaren firinta ya ɗauka ya buga a nasa lokacin.

Sharaɗi biyu ne a nan. Zaren firinta ba ya taɓa taga ko kaɗan, don Tk an gina shi ne a kan zare ɗaya ya riƙa sarrafa shi. Idan yana da labari, ko an buga ko takarda ta ƙare, sai ya sa a wani layin, ita kuma taga tana leƙa layin da `after(100, duba)`, sau goma a daƙiƙa. Na biyu, haɗin SQLite da aka buɗe a zare ɗaya Python ba ta yarda a yi amfani da shi a wani zaren, sai ta yi ƙorafi. Ban nemi hanyar kauce wa wannan ba. Zaren firinta rubutun rasit kawai ake miƙa masa, ba shi da hulɗa da rumbu.

Na ƙara maɓallin "Sake buga rasit", wanda ba ya rubuta komai a rumbu. Da babu shi, idan rasit bai fito ba dole mutum ya sake danna "Ajiye".

Litinin, 3 ga Nuwamba

Malam ya aiko yaro: ya danna, ba abin da ya faru, ba saƙo, ba rasit. Da na je na tarar ya rubuta 87,5 da waƙafi maimakon ɗigo. Python ta kasa mayar da shi lamba, aikin ya faɗi a tsakiya. Idan aikin maɓalli ya faɗi, Tkinter ba ta rufe manhaja, tana rubuta bayanin ne a baƙar tagar umarni ta ci gaba. Mu kuwa da `pythonw` muke kunna ta, ba baƙar taga, bayanin ya tafi a iska. Ga maɓalli ya zauna a kashe, don ba a kai layin da zai kunna shi ba.

Wannan shirun ya fi sandarewa haɗari, domin mai aiki bai san ko an ajiye ko ba a ajiye ba. Na maye gurbin `report_callback_exception`, aikin da Tkinter ke kira idan aikin maɓalli ya faɗi, da nawa aikin: ya nuna saƙo da Hausa, ya kuma rubuta cikakken bayanin a fayil don ni. Umarnin sake kunna maɓalli ya koma cikin `finally`, ko aiki ya faɗi sai an kunna. Waƙafi kuma yanzu ana karɓarsa a mayar da shi ɗigo.

"Allah gafarta Malam, daga yau rubuta yadda hannunka ya saba."

"To madalla. Da na zata ni ne ban iya ba."

Ba na so dattijon da ya riƙe littafin ƙungiya tun ina firamare ya riƙa zargin kansa saboda waƙafi.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Maɓallin "Goge". Da farko akwatin tambaya ne yake fitowa, e ko a'a. Na lura Malam ba ya karanta shi, kuma da dannin nan nasa na biyu da saurin Enter, amsar tana iya wucewa kafin ido ya sauka a kai. Akwai `default="no"` da ke sa zaɓin farko ya zama a'a, na sa. Amma da muka zauna da Kawu sai ya kawo abin da ya fi: a littafi ba a yage shafi, layi ake ja a kan kuskure a sa hannu a gefe, kowa ya ga abin da aka soke. Haka na yi. Sunan maɓallin ya koma "Soke", layin yana nan a rumbu da alama da lokacin da aka soke shi, ba ya shiga jimla, kuma ana iya dawo da shi.

Alamar rufe taga da ke kusurwar sama ita ma danni ce. Na kama ta da `protocol` a kan `WM_DELETE_WINDOW`: idan akwai rasit a layin firinta, ko an rubuta kilo ba a ajiye ba, sai ta faɗa kafin ta rufe.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Zoɓo ya fara shigowa, buhunansa manya ga rashin nauyi, layi ya fi na riɗi tsawo. Malam yana aiki da Enter kawai yanzu, littafi kuma Kawu ya ce a ci gaba da shi har ƙarshen kaka, na goyi bayansa.

Abin da ke gabana: batirin laftof ba ya kai azahar idan hazo ya rufe faifan sola, don haka ina so abin da aka rubuta a fom ya riƙa adana kansa lokaci-lokaci da `after`, ko ta mutu a tsakiyar awo a tarar da shi. Sai maɓallin "Jimlar yau" da Kawu ya nema, wanda zai fitar da lissafin kowane kaya a rasit ɗaya kafin lodin Alhamis. Shi karatu kawai zai yi a rumbu, amma bugawarsa ta zaren firinta za ta bi. Ƙanina zai rubuta shi kafin ya koma makaranta, ni in duba.